Tambayi Masta: An bar mini jirgin faiba a Ada, in cusa masa filar mota?

Assalamu alaikum jama'ar Zongo. Wannan makon saƙonnin da suka shigo kusan duk a kan abu guda suke, aikin faiba, wato wannan zaren gilashin da ake jiƙawa da rezin ya daskare ya zama tankin ruwa ko bambar mota ko jikin jirgin ruwa. Na tsinci guda huɗu. Na farkon shi ya cinye mini fili, sauran ku yi haƙuri da abin da ya rage.

TAMBAYA, daga wani ɗan Nima, Ankara (wato Accra ta Ghana): Masta barka da aiki. Ni fentin mota nake yi, shekara bakwai kenan ina hannun maigidana. Akwai wani bature da nake yi wa aiki, da zai koma ƙasarsu sai ya bar mini wani ɗan jirgin ruwa na faiba, irin mai filafili ɗaya da iska ke turawa, an rubuta Laser a jikinsa, yana can Ada, garin bakin kogin Volta, a ajiye kan yashi ƙarƙashin kwakwa kusan shekara uku ba wanda ya taɓa shi. Na hau trotro na je na gani, akwai ɓuli a ƙasa kamar tafin hannu inda ya daki dutse, ga tsage-tsage kamar saƙar gizo-gizo, sannan akwai wani wuri a sama in ka taka sai ya lotsa kamar biredi. Yaran garejinmu sun ce in cika ko'ina da fila irin ta mota in goge in fesa fenti, kwana biyu an gama. Dan Allah haka ne? So nake in kai yarana su gani kafin babbar Sallah.

AMSA: Ɗana, Allah ya sa albarka a kyautar. Amma yaran garejinku so suke ka dawo daga tsakiyar kogi da iyo, in ma ka iya.

Filar mota ka san ta fiye da ni, rezin foliyesta ce da aka cika da gari mai laushi irin na hodar jiki, kuma garin nan yana shan ruwa. A jikin mota ba matsala, fenti ya rufe ta, ruwan sama ya sauka ya gangara. Jirgi kuwa cikin ruwa yake aikinsa, kuma duk bugun da igiyar ruwa ta yi masa sai jikin ya ɗan lanƙwasa ya dawo, ita kuma fila babu zare ko ɗaya a cikinta da zai riƙe, toh wata rana kana tsakiyar ruwa zata ɓalle ta faɗo kamar ɓawon gyambo, ramin nan ya dawo yana kallonka. Aiki biyu ne a gabanka kuma mutane na yawan haɗa su. Akwai ɗori, akwai shafa mai. Wanda ya karye a ƙafa ba basilin ake fara shafa masa ba, mai ɗori ake kira ya haɗa ƙashi tukuna. Ɓulin nan da wurin da ke lotsawa karaya ce, zare da rezin ke ɗora su. Cikawa da gogewa har jiki ya miƙe sumul shi ne shafa man, yana zuwa daga baya.

Kafin ka sayi komai ka fara duba marar lafiyan da kyau. Ka wanke shi da omo da ruwan famfo, gishiri da yashi su fita. Sannan ka auna shi, gangar jikin Laser ita kaɗai ba jigo ba filafili kusan kilo 59 take, tsawonta mita 4 da ɗan kai, in ka ɗora a sikeli ka ga ta haura sosai toh ruwa ta sha a ciki, ka cire toshiyar da ke baya ka jingine shi ya tsiyaye. Ka ɗauki ƙwandalar sidi ɗaya ka bi jikin kana ƙwanƙwasawa, inda yake lafiya zaka ji ƙas ƙas ƙas a tsaye, inda fata ta rabu da abin da ke ƙarƙashinta zaka ji buf buf kamar kankanar da ta lalace, duk inda ka ji haka ka zagaye da fensir. Ramin da ake kafa jigon filafili kuma shi ne ciwon da aka san irin jirgin nan da shi, ka cika shi da ruwa har baki ka je ka sha koko ka dawo, in ruwan ya sauka toh gindin ramin ya tsage, kuma wannan ya fi ɓulin da kake gani haɗari don ranar da iska ta yi ƙarfi jigon zai iya ɓarke saman jirgin gaba ɗaya. Gyaransa daga ciki ake yi, a yanka ƙofa zagayayya kusa da shi irin mai murfin roba da ake murɗawa, a zura hannu a naɗe gindin da zare da efoksi, wato wani irin rezin mai ƙarfin kamu. Ƙofar nan ma zata taimake ka wajen shanya cikin jirgin.

Shanyar nan kar ka raina ta. Rezin baya kama jiƙaƙƙen wuri, kuma iskar Ada cike take da laima, don haka in da hali ka ɗauko shi zuwa Ankara ka sa shi ƙarƙashin rumfa inda iska ke ratsawa, sati biyu, uku, ko fiye. Ka manna ɗan yankin leda fara a kan wurin da sitika ta ko'ina ka bari ya kwana, in da safe ka ga gumi a cikin ledar toh bai bushe ba. Lokacin hazo daga Disamba zuwa Fabrairu shi ya fi daɗin wannan aikin, lokacin ruwan Mayu da Yuni kuwa sai haƙuri.

Yanzu ɓulin. Abin da zai ba ka tsoro shi ne sai ka ƙara masa girma kafin ka rufe shi. Ka ci duk zaren da ya yi fari ya farfashe da giranda da sanfefa mai lamba 40 har ka iso wurin da yake da ƙarfi, launinsa ɗaya babu farin tabo. Sannan ka kwantar da bakin ramin ya zama gangara mai laushi kamar faranti, ba tsaye kamar bakin rijiya ba. Ƙa'idar da masu aikin suka saba da ita ita ce 12 bisa 1, in kaurin jikin milimita 4 ne gangarar ta kai milimita 48 ta kowane gefe, wato kusan yatsu uku. Dalili, sabon rezin baya narkewa ya haɗe da tsohon, mannewa kawai yake yi, toh iya faɗin wurin da ka ba shi iya ƙarfin riƙonsa. Tunda hannunka ba zai kai ta ciki ba sai ka yi masa majingini, ka yanko ɗan siririn falle na faiba da ya riga ya daskare, ya ɗan fi ramin girma, ka huda tsakiya ka zura waya, ka shafa efoksi mai kauri a gefensa, ka lanƙwasa ka tura shi ciki sannan ka jawo wayar ya manne daga baya, ka ɗaure wayar a jikin ɗan itace ka bari ya kwana. Gobe ka datse wayar, kaga kana da ƙasan da zaka yi gini a kai.

Ni efoksi nake ba ka shawara a kan wannan, duk da ya fi foliyesta tsada kuma sai ka nema, ka tambayi masu gyaran jiragen faiba a Tema su suka san inda ake samu. Jirgin da foliyesta aka yi shi, gaskiya ne, amma efoksi ya fi kama tsohon jiki kuma ya fi hana ruwa shiga. Sai dai ka kula da zaren da zaka saya. Wannan mai kama da tabarmar gashi da kuke sa wa bamba, abin da ya riƙe gashin nasa sinadarin cikin foliyesta ne ke narkar da shi, a efoksi yawanci baya laushi da kyau, don haka ka nemi saƙaƙƙe mai kama da yadi. Ka yanka shi falle-falle, babba daidai faɗin gangarar, na biye ya ɗan fi shi ƙanƙanta, haka har ƙarami daidai bakin ramin. Akwai gardama tsakanin masu aikin a kan wanne ake fara sawa, ni babba nake farawa da shi, saboda in na zo gogewa gefen ƙananan nake ci, dogon zaren da ya kama jikin jirgin yana ƙasa ba abin da ya taɓa shi. Ka goge wurin da asiton, wato ruwan wanke rezin, da farin tsumma, ka shafa rezin, ka ɗora falle, ka dinga dannawa da buroshi ba shafawa ba har farin yadin ya ɓace ya koma kamar gilashi, in ka ga farin ɗigo iska ce ka kore ta. Kar ka yi wa rezin ambaliya, ƙarfin a zaren yake. In ka gama ka shimfiɗa leda mai kauri a kai ka matse da fefen roba daga tsakiya zuwa gefe, rarar ta fita.

Wurin da ke lotsawa a sama kuma, saman jirgin kamar sanwici yake, fata sama fata ƙasa soso mai tauri a tsakiya, fatar ce ta saki soson. In wurin bai fi faranti ba ka huda ƙananan ramuka a fatar sama kaɗai, tazarar yatsu biyu-biyu, ka bari ya bushe, ka ɗura efoksi da sirinji har ya ɓullo ta ramin kusa, ka shimfiɗa leda ka ɗora buhun yashi ko jaka biyu ta piyo wata a kai ya kwana. In kuwa ya kai faɗin tabarmar sallah kuma soson ya ruɓe, toh wannan sai an buɗe, ka sake rubuto mini. Tsage-tsagen gizo-gizo yawanci a jelkot suke, wato wannan fatar mai launi ta waje, ka buɗe kowanne da bakin ƙusa mai kaifi ya zama kamar kwalbati ƙarami ka duba, in bai shiga zare ba cikawa kawai yake so.

Toh yanzu mun zo inda nake so ka zauna da kyau, don nan ne sana'arka zata taimake ka kuma nan ne zata yaudare ka. Santsi daban, miƙewa daban. Zaka iya goge wuri ya yi santsi kamar kumatun jariri amma in ka tsaya daga gefe ka hango sai ka ga yana hawa yana sauka kamar titin da aka yi wa faci. Ruwa kuma miƙewa yake nema. Injin gogewa mai zagaye da kuke riƙewa a gareji, ƙaramin faifai gare shi, duk kwarin da ya tarar sai ya faɗa ciki ya ƙara masa zurfi, duk tudun da ya tarar sai ya hau ya sauka ya bar shi. Ni ma haka na yi a jirgin farko da aka ba ni, wani ɗan kwalekwalen faiba na wani maigida, na kwana uku da inji ina ta murna, hannu na shafawa kamar siliki, da muka fesa fenti muka fito da shi rana sai ga jikin kamar buhun dankali. Maigidan bai ce komai ba, zagaye shi kawai ya yi sau biyu ya ce Masta wannan igiyar ruwan da kuɗi ka saya ko kyauta ce. Har yau ina jin kunyar maganar nan.

Maganin abu ne mai arha. Ka je wurin kafinta ya yanko maka falwud siriri, kaurin milimita 6, tsawon kamar santimita 60 zuwa 70, faɗin tafin hannu, ka kafa masa mariƙi biyu a baya, ka manna sanfefa mai lamba 80 a cikinsa daga kai har gindi. Irin aikin da dogon katakon birkila ke yi wa filasta shi wannan ke yi, tsawonsa baya barinsa ya faɗa kwari, kan tudu kawai yake ci, kuma da yake siriri ne yana bin lanƙwasar jirgin. Ka riƙe shi a kwance bisa tsawon jirgin, ka tura shi a karkace, sau goma ta wannan kusurwar sau goma ta ɗayar, zanen ya dinga gicciye juna. Kar ka tsaya wuri ɗaya kana sassaƙa, ka dinga tafiya. Kafaɗa zata yi ciwo, wannan ba makawa, in akwai yaron da ke cin waakye a aljihunka kullum toh ga ranar biyan bashi ta zo.

Abin cikawar kuma efoksi ne da ake zuba wa wani gari mara nauyi, maikrobalun ake ce masa, ƙananan ƙwallaye ne masu iska a ciki, wani fari wani ja-ja kamar garin koko na sha, in ka buɗe leda iska ta kaɗa sai ya tashi. Shi ke sa abin ya gogu da sauƙi. Ka fara haɗa rezin da hadinarsa, wato ruwan da ke sa shi daskarewa, tukuna ka juya sosai har gefe da gindin kofi, sannan ka dinga zuba garin kaɗan-kaɗan har ya kai kaurin markaɗaɗɗiyar gyaɗar miya, in ka ɗaga sanda ya tsaya da ƙahonsa bai zube ba. In ya yi ruwa kamar koko zai gangaro, in ya yi tauri kamar tuwon jiya zai dinga birgima ƙarƙashin fefe ya ƙi kamawa. Akwai wani farin gari kuma, silika, shi don ƙarfi ake sa shi wurin mannewa, kar ka cika shi a nan, in ya daskare kamar dutsen niƙa yake, zaka cinye jikin jirgin da ke gefe shi yana nan daram. Hodar jarirai da wasu ke zubawa kuma ka bar wa jarirai, matsalar filar mota ce zaka dawo da ita.

Kafin ka cika ka nemo inda kwarin yake. Dabarar ka san ta, ka ɗan watsa baƙin fenti sama-sama kamar hazo, ko ka bi wurin da zanen fensir, ka ja dogon katakon a kai, inda baƙin ya goge tudu ne inda ya rage kwari ne. Ka samu siririn aluminiyam na masu taga ka kwantar a jikin ka leƙa ƙarƙashi, inda haske ya ratsa nan ne. Da dare kuma, ranar da aka ɗauke wuta ma ta fi, ka kwantar da tocilan a jikin jirgin hasken ya bi fata, duk wani ɗan lotsi sai ya yi inuwa ya tona kansa. Amma wanda ya fi duka shi ne tafin hannunka, ka rufe ido ka shafa da sauri bisa tsawon jirgin, hannu na jin abin da ido bai gani. Ka cika kwarin ya ɗan fi kewayensa tudu, siriri-siriri, gara ka yi sau uku da ka lafta sau ɗaya. Kuma duk lokacin da efoksi ya kwana ya daskare, kafin ka sa sanfefa ka wanke shi da ruwa zalla da soson wanke-wanke, saboda a laima irin tamu yana fitar da wani maiƙo a sama kamar kakin zuma, asiton baya cire shi da kyau, ruwa ke cire shi, in ka bar shi sanfefa zata toshe kuma abin da ka ɗora a kai zai ɓare.

In baƙin ya goge ko'ina lokaci ɗaya toh ka iso. Ka koma lamba 120, ka shafa efoksi tsura mara gari sau biyu ya toshe ƙofofin ƙwallayen da ka yanka, ka wanke ka goge da 220, sai firaima sai fenti mai haɗi biyu, wannan kai zaka koya mini. Fari ko launi mai haske ka sa, baƙi da shuɗi mai duhu suna jan zafi har cikon ya yi laushi tabon facin ya fito. Kuma kar ka bar efoksi tsirara a rana, rana na cinye shi.

Maganar Sallah kuma, in bai gamu ba ka kai yara su ga teku su ci kifi su dawo. Jirgin nan na mutum ɗaya ne kuma kifewa a wurinsa kamar gaisuwa ce, ka sami masu harkar a Ada su koya maka tukuna, da rigar ceto a jikinka, kuma ka yi nesa da bakin inda Volta ke shiga teku, ruwan wurin baya wasa.

TAMBAYA, daga Aboabo, Kumasi: Masta ina gaisuwa. A Suame Magazine nake gyaran bamba. An kawo mini ɗan jirgin faiba daga wani masauki a bakin tafkin Bosomtwe, na haɗa rezin cikin gwangwanin Milo babba kafin in kai rabi ya yi zafi yana hayaƙi ya daskare da buroshin a ciki. Na sake haɗawa na rage hadina, yau kwana uku yana danƙo. Rezin ɗin ne jabu ko hannuna ne?

AMSA: Ƙanena, mai yiwuwa duka biyun, amma bari mu fara da hannunka. Rezin in ya fara daskarewa zafi yake fitarwa, zafin kuma yana ƙara masa sauri, toh in ka tara shi da yawa a gwangwani mai zurfi zafin ba shi da hanyar fita sai ya dinga cin kansa har ya yi hayaƙi, kofin roba ma narkar da shi yake. Ga kuma zafin garinmu. Lokacin da ake rubutawa a jikin gwangwani a yanayin ƙasarsu aka auna shi, wajen digiri 22 zuwa 25, kuma kusan duk ƙarin digiri 10 lokacin rabewa yake biyu, kaga abin da aka ce minti 20 kai a rumfar kwano da azahar minti 10 gare ka ko ƙasa. Ka dinga haɗa kaɗan, kamar rabin ƙaramin gwangwanin madara, ka juye a faranti mai faɗi, ka yi aikin bayan asuba kafin rana ta ɗaga.

Foliyesta hadinarta kashi 1 zuwa 2 cikin 100 ce, wato mililita 10 zuwa 20 a kilo ɗaya, a zafinmu ka tsaya wajen 10, kuma da sirinji ake aunawa ba da murfin kwalba da bismillah ba. In ka yi ƙasa da kashi 1 sosai zai iya ƙin daskarewa har abada. Ka gwada da farce, in ƙasan ya yi tauri saman ne kawai ke danƙo toh ba komai, halin foliyestar shimfiɗa ne, iska ke hana fatarta bushewa, ka shafa wani siriri ka rufe da leda zai bushe ƙarau. In kuwa farce na shiga kamar cingam toh ka kankare duka ka wanke da asiton ka sake, kar ka ɗora sabo a kai. Kuma wanda ke aiki da efoksi ya ji, shi ba a yi masa ƙari ko ragi, in an rubuta 5 bisa 1 ko 2 bisa 1 haka zaka bi, ƙara hadina baya sa shi sauri, lalata shi yake. Batun jabu, rezin na tsufa, wata shida a shago mai zafi ya isa ya fara kauri, hadina ma tana mutuwa. Ni an taɓa sayar mini da galan guda da ya riga ya fara gudaji a ƙasa, tun daga ranar sai na haɗa cokali ɗaya a murfi na ga ya kama kafin in biya.

TAMBAYA, daga wata uwa a Sabon Zongo, Ankara: Masta ɗana ya shiga koyon aikin faiba, kullum ya dawo yana susa kamar mai ƙazwa, dare baya barci, kuma wani lokaci a tsakar gida yake gogewa ƙura ta bi kayan shanya. Mastansa ya ce ya dinga shan madara. Ya zan yi?

AMSA: Mma, Allah ya raya shi. Madara ciki take tafiya, ƙurar kuma huhu take shiga, hanyarsu ma ba ɗaya ba, ya sha don daɗi amma ba magani ba ce. Ƙaiƙayin nan ƙananan tsinken gilashi ne ke maƙalewa a fata. In ya dawo kar ya sosa kuma kar ya fara da ruwan zafi, ya tsaya ƙarƙashin ruwan sanyi ya zuba sosai ba tare da dirzawa ba, sannan sabulu, inda ya ƙi fita ya manna sitika ya ɗaga. Kayan aikinsa a wanke su daban, kar a haɗa da na ƙannensa. Riga mai dogon hannu, safar hannu ta roba, tabarau, da takunkumin ƙura na gaske, ba irin na korona da ya rage a durowa ba, in kuma rezin ko fenti yake shafawa sai mai gwangwanin gawayi a gefe, don warin nan mai hawa kai takarda bata tare shi. Kar ya wanke hannu da tina ko asiton, suna tura abin cikin fata ne. In kika ga fatar ta yi ja tana kumbura duk ranar da ya taɓa efoksi ku je asibiti, akwai wanda jikinsa ke ƙin abin kuma in ya fara baya dainawa.

Gogewa a tsakar gidan haya kuma ki hana, ko maƙwabta basu yi magana ba. Amma abin da ya fi damuna shi ne hadinar foliyesta, fara ce tas kamar ruwa, kuma yaran nan a robar ruwan sha suke zuba ta. Ki duba ɗakinsa yau ɗin nan. Yaro in ya sha ta zata ƙone masa ciki, ɗigo ɗaya a ido na iya makantarwa, in tsautsayi ya faru a zuba ruwa a idon ba tsayawa aƙalla minti 15 sannan a ruga asibitin Korle Bu. Kuma kar a ajiye ta kusa da wannan ruwan mai launin shunayya da ake sa wa rezin don ya yi sauri, in suka haɗu su biyu kai tsaye wuta ce.

TAMBAYA, daga Ashaiman: Masta ƙasan jirgina ya yi ƙuraje, na fasa ɗaya ruwa mai warin tsami ya fito. In na gyara da efoksi zan iya mayar da jelkot a kai?

AMSA: Malam, ruwa ne ya ratsa jelkot a hankali ya tarar da ragowar sinadarin da bai daskare ba, suka haɗu suka zama ruwan tsami yana jawo wani ruwan har fata ta kumbura. Yana faruwa ga jirgin da ya daɗe cikin ruwa ko aka ajiye kan jiƙaƙƙen kafet ko yashi. Ka sa tabarau kafin ka fasa, da ƙarfi yake fesowa. Ka buɗe kowanne har gindinsa, ka dinga wankewa da ruwan famfo duk bayan kwana biyu, rana kaɗai bata fitar da tsamin, sai ya bushe sarai sannan ka shafa efoksi tsura ka cika. Jelkot kuwa foliyesta ce, efoksi na kama foliyesta amma ita bata cika son kama shi ba, akwai masu yi ya zauna in efoksin ya daskare sosai an wanke an goge, ni dai bana sa kuɗin mutane a wannan cacar, firaima da fenti nake bi. Ka turo hoton ƙurajen tare da ƙwandala a gefe in ga girmansu, in sun wuce ɗari toh maganar ta canja.